Kunnen Ishaya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto, 'yan'uwana na zumuntar unguwar Hadayik Ma'adi a nan Alƙahira.

Da Allah zai ba ni ikon goge abu ɗaya a rayuwata, da na goge ranar da na cusa wa ɗana Ishaya auduga a kunne, na ce ya shiga teku.

Tun ina yaro a gida kunnena na hagu yake zubar da ruwa. In ya tashi, mahaifiyata ta shafa wa auduga man kaɗanya ta toshe. Da na zo Masar na sami aiki a garin Gardaka da ke bakin teku, a jirgin da ke kai masu yawon buɗe ido nutso a Bahar Maliya da tukunyar iska a baya. Likita ya leƙa kunnena ya ce fatar ciki ta lalace, kada in kuskura in yi nutso. Na ce tamam, wato na ji, na fita na sayi auduga. Haka na yi ta shiga ruwa a ɓoye har kunnen ya mutu. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Ishaya ya gaji ciwon, nasa a dama. Da ya girma na samar masa gurbi a jirginmu. Ranar gwajinsa na nutso ya ce, "Baba, kunnen yana mini nauyi tun jiya." Na ce masa namiji ba ya ba teku baya. Da hannuna na toshe masa.

Yana sauka ƙarƙashin ruwa fatar kunnen ta fashe. Ruwa ya shiga, jiri ya kama shi, bai san sama da ƙasa ba. Aka fito da shi yana amai, jini a wuyansa. Ya rayu, amma kunnen bai ƙara ji ba.

Muka dawo Alƙahira. Bai taɓa zagina ba. Sai dai ko a jirgin ƙasa na metro ko a sujada, kullum a haguna yake zama, mataccen kunnensa yana fuskantar nawa. Mahaifiyarsa tana cewa kurame biyu sun mai da gidanta makabarta. Ni kuwa ina ta ɗora wa shaiɗan laifi.

Wata Lahadi Fasto ya ce kowa ya yi addu'a da bakinsa. Na durƙusa na ce, Ubangiji, buɗe kunnen ɗana. Sai zuciyata ta tsaya a kan maganar likitan nan da na binne shekara da shekaru. Na kasa ci gaba. Na tashi a gaban jama'a na faɗi duka: an gargaɗe ni, na sani, na ɓoye, na kai ɗana.

Da muka fito za mu tsallaka titi, sai na ga Ishaya ya zagaya ta bayana ya koma damana.

"Baba, sake faɗa. A ciki ban ji da kyau ba."

Na sake faɗa, ina kuka a bakin titi. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba. Na ji."

Yabo ga Ubangiji! Kunnuwanmu ba su warke ba har yau, amma ya cece ni daga ƙaryata, ya mayar mini da ɗana. Na gode masa.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Kuma ina roƙonku, in likita ya hana mai ciwon kunne nutso, ko ɗanka ya ce maka yana jin ciwo, kada ka ɗauko auduga kamar yadda na yi.