Tukunyar da Ta Kai Ɗanlami Italiya

Babur ɗina na sayar na yi kuɗin jirgi, don haka ku daina cewa gado na ci. Ke Hafsatu, matso kusa, ba zan maimaita ba.

Da na sauka Riyad, wankin kwanuka aka ba ni a wani gidan abincin Italiya a unguwar Ulaya. Can na tarar da Ɗanlami, ɗan unguwarmu, na gidan makaɗan kalangu. Shugaban girkin wani Ba'italiye ne mai ƙaton tumbi, Shef muke ce masa. Ya ce zai koma ƙasarsu ya buɗe nasa wurin, kuma mutum ɗaya zai ɗauka, wanda bakinsa ya kama yarensu. Na sa rai ƙwarai, har rigar sanyi na taya a kasuwa.

Shef yana yanka albasa yana koya mana. "Par-la-no, wato suna magana. Danna farkon da murya!"

Sai in ce, "Farlaano."

Ya dafe kai. "La, la, habibi! Par-lia-mo, muna magana, shi ake danna wa tsakiya!"

To ni ina ruwana da inda ake dannawa, ba kalmar ta fito ba?

Ɗanlami kuwa tukunya ya kifa. Duk kalmar da Shef ya faɗa, sai ya fara kaɗa ta da yatsa, gaɓa-gaɓa: dum-ta-ta, ko ta-dum-ta. Sannan ya furta, ta fito ras. Shef ya rungume shi yana ihu, "Bravo!" Ni kuma ina tsaye da soso a hannu. Kishi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na koma ɗakinmu a unguwar Al-Shifa na kifa bokiti, na yi ta dukansa. Mai gidan hayar ya taso a fusace.

"Ish hada, mene ne wannan? Biki kake yi?"

"Karatu nake yi, ya Shaikh."

"Karatu da bokiti? Khalas, ka daina, ko ka bar min gida!"

Hannuna ya kumbura, kunnena bai ji komai ba. Shi Ɗanlami a cikin kiɗan aka haife shi, ni ƙarar roba kawai nake ji. Da Ɗanlami aka tafi.

Na dawo gida da abin da ya samu, na buɗe wannan shagon, alhamdu lillahi. Kashegarin dawowata mahaifiyar Ɗanlami ta zo yi mini barka da zuwa. Ta kunna mini muryarsa a waya yana zuba yaren nan, ta ce, "Ɗan nan, kai da kuka koya tare, me yake cewa?"

Na saurara har ƙarshe, na gane duka, kalma ɗaya ba ta wuce ni ba, amma kishin nan bai sake ni ba. Na ce, "Inna, sai dai ki tambaye shi."