Shekarun Garmahon Kaka

Tunkiyar Kaka ce ta kai ni Legas. Ita ta sa aka kai ta kasuwa, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta cusa mini a hannu, ta ce, "Tafi, ko na huta da karatun takardar ƙosai." Don a lokacin duk takardar da aka naɗo ƙosai a ciki sai na karance ta kafin in ci. Haka na koyi karatu, ba wanda ya zaunar da ni. To ku da kuke damuna da tambayar yaya Legas take, ku gyara zama. Ke Ummi, ci gaba da tsifar, kunne ba ya hana hannu aiki.

Wajen Gwaggo Hajara na sauka a Agege, ina taya ta sayar da tuwo. Cikin waɗanda nake kai wa abinci akwai wani tsoho Bayarabe da ake kira Baba Mai Agogo. A Zariya ya girma, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shagonsa cike da abin da mu za mu kira tarkace: agogon bango, fitilu, tsofaffin rediyo. Su can "antik" suke cewa, har da ɗaga hanci. Da ya ga ina karanta rubutun jikin kayan, sai ya ɗauke ni aikin share-share.

Ranar farko na sami toka da lemon tsami na dirje wata fitilar tagulla har tana ɗaukar ido.

"Wa ya ce ki wanke?" in ji Baba.

"Datti ne fa, Baba."

"Dattin nake sayarwa, 'yar nan. Kin wanke mini shekara tamanin da toka."

"To ai sai ka rubuta a jiki, a san wanda ake wankewa."

Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. A na huɗu ya ajiye garmaho biyu a gabana, na'urar sa faifan waƙa ta da, irin mai akwati da hannun ɗauka, wanda ake murɗa wani hannun a yi masa wani kamar agogo. Ya ce ɗaya na gaske ne, ɗaya jabu, in nuna. Na nuna mai ƙyalli. Ya yi dariya har da tari.

Shi ya koya mini. Ki fara da hanci: tsohon akwati warin tsohon mai da ƙura yake yi, sabo warin gam. Ki duba sukuru: na da tsaga ɗaya gare shi, mai gicciye na baya ne. Kan da ake sa wa allura, in fuskarsa garau take kamar gilashi ya fi tsufa, in farin ƙarfe ce ya biyo baya. Sannan ki ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, ki nemi lamba, ki duba a littafinsa mai kauri. Littafin nan na karance shi kamar labarin soyayya. Duk akwatin da na buɗe sai in riƙa tunanin wa ya saya, kuma don wa.

Don mu ma muna da ɗaya. Ranar da muka baro ƙauyenmu na wajen Damari muka dawo cikin Birnin Gwari, Kaka ta bar tukwanenta da gadonta, amma garmahon da marigayi Kakanmu ya saya mata a kanta ta ɗauko shi.

Bakina ne ya jawo. Wata rana na kira ta a wayar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ina ta zuba: "Kaka, yau an sayar da irin naki, kuɗinsa ya fi na sabon babur." Ashe wayar a buɗe take, kowa na ji. Kawu ba mugu ba ne. Gonarsa tana cikin daji, ba ta shiguwa, ga yara bakwai. Ya ce in zo in duba, in na gaske ne Baba ya samo mai saye. Na ce a ba ni Kaka. "To," kawai ta ce.

Tun daga Kaduna har muka ratsa dajin, sauran fasinja suna addu'ar hanya, ni ina haɗawa da tawa: Allah Ya sa jabu ne.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, Kawu ya ajiye shi a gabana. Na buɗe murfin na sansana. Tsohon mai da ƙura. Akwatin na gaske ne.

Sai na kama hannun wanin. "Wannan ba nasa ba ne."

"Maƙerin garinmu ya ƙera shi," in ji Kaka. "Shekarar da motoci suka koma hannun dama. Ina da cikin uwarki."

Na ɗaga farantin. Sukuru huɗu, biyu masu gicciye. Injin ma na wani garmahon ne daban.

"Shekarar fari ke nan," ta ce. "Na rasa goyona, mai bin uwarki, na daina magana. Injin ya tsinke. Malam, kakanki, ya hau motar katako zuwa Kaduna, kwana shida yana yawon neman wani. Da ya dawo ya haɗa shi, ya ɗora mini faifan goge ya fita."

Ban ɗago ba. Na taɓa kan allurar, farin ƙarfe.

"Na farkon kamar gilashi yake," in ji Kaka. "Wani ɗan banza mai shekara uku ya zura masa yatsa yana neman mutumin da ke waƙa a ciki." Ta dubi Kawu. "Ubanka ya sayar da kekensa ya sayo wannan. Ko tsawa bai yi maka ba."

Kawu ya ce, "To Saude, nawa zai yi?"

Na gaya masa gaskiya. Masu saye wanda ba a taɓa ba suke nema. Wannan haɗe-haɗe ne, Baba ko kallonsa ba zai yi ba. Ko tayar babur ba zai saya ba. Na ji kunya, don ni na sa masa rai. Ɗan abin da na tara na keken ɗinki na ce ya riƙe ya fara da shi, shi ya sa kuka gan ni har yau ina ɗinki a keken aro.

Kawu ya daɗe yana kallon kan allurar. Can ya kai yatsa ya shafa shi a hankali.

"Sale," in ji Kaka, "ɗauke yatsan nan. Yanzu babu mai keken da zai sayar."