Ranar da Baffa ya ce in yi wa likita bayani

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Buba, ɗalibi a jami'a a Dutse.

Ina fahimtar Turanci, ina kuma rubuta shi, amma tun da 'yan ajinmu suka yi wa lafazina dariya, wani ya ce Turancin ruga nake yi, na koma kujerar baya na kama bakina.

Kwanan baya Baffa, mahaifina, ya zo asibiti daga Miga da ciwon ƙirji. Likitar ba ta jin Hausa. Baffa ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ga ɗana ɗan jami'a, shi zai yi bayani." Wallahi duk tambayoyinta na gane su, amma ko kalma ɗaya ban iya faɗi da Turanci ba. Sai da aka kira wata nas ta fassara.

A mota Baffa ya ce, "Ba komai, Buba, gajiya ce." Da faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Jibi za mu koma ganin likitar. Masu sauraro, don Allah yaya zan yi in buɗe baki?