Tabarmar Malama Zuhura

Da sunan Allah muke buɗe wannan zama. Mai girma Hakimi, Allah shi daɗe da ranka, Malam Liman, mijin marigayiya, Alhaji Namadi, ɗiyarta Surayya, iyayen da suka taso daga Shinkafi da Zurmi: assalamu alaikum.

Ni Mahmuda, da aka sani da shirya baitoci a nan Kaura Namoda, yau harshena ya rasa ta inda zai fara yabon Malama Zuhura.

Ta kasance mai kula da yaranmu masu lalurar da likitoci ke kira otizim, waɗanda ba su amsa kira, ba su haɗa ido. Ta kasance mai tabarma ɗaya da man kaɗanya. Sai ta murza tafin yaro a hankali, ta ɗauke hannu, ta jira. In yaron ya jawo hannunta, sai ta ce: “To, ya ce a ƙara.”

Mun ga haka da idanunmu, amma ba mu gane ba. Da na kai mata ɗiyata Nabila, na zauna ina rera wa yarinyar baiti. Malama ta ce: “Malam Mahmuda, yi kurum, ɗiyarka na magana.”

Na ce: “Mi ta ce?”

Ta ce: “Ta ce waƙarka ta yi tsawo.”

Ta kasance mai jira, mu kuwa mutanen doguwar gaisuwa ne, shiru yana tsorata mu.

Yanzu ga ruɗaninmu. Ranar Asabar, ranar da muka saba zuwa wurin Malama, Nabila ta zauna kan tabarmar, ta miƙa tafinta, tana jira. Mun ce mata Malama ta rasu, tafin bai sauka ba. Da wane hannu ake faɗin mutuwa? Ban sani ba, jama'a.

Sai Surayya ta durƙusa, tana hawaye, ta murza tafin, ta ɗauke hannu. Nabila ta jawo hannun, ta ɗora a kuncinta. Ta'aziyya ta yi? Ƙari ta roƙa? Wadda za mu tambaya tana kabari.

Alhaji Namadi, kada a naɗe tabarmar nan. Surayya, ɗiyar Malama, Asabar mai zuwa za mu zo, kuma zan yi kurum.

Mun gode da zuwanku. Allah shi jiƙan Zuhura, shi haskaka makwancinta, shi koya mana jiran da ta iya. Amin.