Shanunmu Sun Sauka Ikko a Tsaye

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, wakilan gwamnati, iyayenmu hakimai da arɗaɗe, malamanmu, dillalai da direbobi na Anka da Gummi da Bukkuyum, jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ne Lauwali, shugaban 'yan rakiyar shanu na kasuwar Gummi.

Da farko godiya ga Allah, sannan ga gwamnati da ta ɗauke muna rabin kuɗin tarago, don shanunmu su bar kwalta su hau dogo daga Gusau.

Na biyu, bari in tona kaina: babu wanda ya kai ni ƙin wanga jirgi. Shekara ashirin ina bisa katakon tirela, shanu ƙarƙashina, wuƙa a ƙugu. Sa ya kwanta, ka dira tsakanin ƙahoni ka murɗa mai wutsiya ya tashi. In ya ƙiya, ka yanka kafin ya zama mushe. Can na baro haƙarƙari biyu. Yanzu ɗana Mujahid, magidanci mai 'ya'ya uku, ya gaje ni, kuma duk tafiyar da ya yi, ni da innarsa ba mu da kwanciyar rai sai ya dawo.

Ranar lodin farko, Arɗo Manu na Bukkuyum ya ba da bijimai goma sha biyu. Na ce, "Arɗo, bijimin da ba a murɗa ma wutsiya ba, ba ya kai Ikko." Ya yi dariya ya ce, "Lauwali, gani ya kori ji." Duk da haka na tura Mujahid da wuƙa biyu da ɗaurin igiya. Jama'a, rake kawai wuƙaƙen sunka fere a hanya! Bijimai sunka sauka a tsaye, tozo bai faɗa ba, Mujahid ya dawo ko ƙwarzane babu. Wallahi ban taɓa jin daɗin shan kunya irin na ranar ba.

Na uku, roƙo. Wanga tallafi gwaji ne na shekara guda; in taragai sunka tafi wayam, za a janye shi. Direbobi, ku kwantar da hankali, jirgi bai zuwa Gummi, ku za ku kai mashi kaya Gusau. Dillalai, ku cika taragai, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Na riga na yi ma innar Mujahid alkawari cewa ɗanta ya gama hawan tirelar Kudu. Ku taimake ni kada in zama maƙaryaci a gidana.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tsare muna dukiya da rayuka, ya mai da kowa gida lami lafiya. Na gode.