Tukwanen Mama Doosuur

A tashar Gashuwa, cikin 1985, Aondona yana jiran motar Nguru ta cika. Kusa da shi wata mata ce zaune a kan kwalin giyar gwangwani.

"Madam, wannan kike sayar wa mutane? Ai ruwan tsatsa ne, kumfa da ciwon kai."

"Shi ake saye yanzu, Oga."

"Don ba su san burkutu ba ne. Akwai wata tsohuwa a bayan tashar jirgin Nguru, Mama Doosuur. Ƙwarya ɗaya ta nata, kin ci kin sha. Shekara shida ina zama a bencinta, ko ƙuda ban taɓa gani ba. Ranar da muka fasa tukwanenta..."

"Kuka fasa?"

Aondona ya gyara zama. "Aikin duba-gari ne. Daga sama aka ce a rubuta ƙazanta. Ni hannu kawai na sa."

Matar ta daɗe tana kallonsa.

"Tukwane tara ne. Uwata ce. Daga Makurɗi na zo jinyarta, don tun ranar ba ta sake hura wuta ba, har muka binne ta bara."

"Ta rasu?"

"Har ta cika tana cewa akwai ɗan ƙasarmu a ofishinku da zai wanke sunanta. Wai Aondona. Ka san shi?"

Aondona ya dubi ƙasa.

"A'a," ya ce. "Ban san shi ba."