Allurata tana firjin maƙwabciya, bizata ta fito

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Falmata daga Bolori, Maiduguri.

Ina fama da ciwon jijiyoyi da likitoci ke kira MS. Idan ya tashi, ƙafata ta dama mutuwa take yi, idona ya dushe. Allurar da ke riƙe da ni tsada gare ta, sai babana ya sayar da bijimi kafin a sayo. Ba ta son zafi, shi ya sa take zaune a firjin maƙwabciyata Madam Ngozi, kusa da lemon da take sayarwa.

Yanzu maigidana ya samu aikin jinya a ƙasar waje, biza ta fito har da tawa. Amma inshorar wurin aikin ta ce ba ta biyan maganin ciwon da mutum ya zo da shi sai ya shekara. Yayan maigidana ya ce, "Ki ja bakinki ki yi shiru, ai da ƙafarki kike tafiya." To ranar da ƙafar ta ƙi takawa, me zan ce musu? Can babu shanun Baba.

Masu sauraro da ke waje, don Allah akwai inshorar da ke karɓar irinmu tun ranar farko? Na sayi kular ƙanƙara, ni da Madam Ngozi muka gwada, allurar wata uku kawai take ci. Sauran watannin ne suka hana ni barci.